Abin da Yara Ke Koya a Ɗakin Bargo

Kafa ɗan ɗaki da bargo ko zane wasa ne da yara kan fara tun suna shekara uku ko huɗu, kuma kayan aikinsa duk suna cikin gida. A Turai da Amurka a falo ake yin sa, da kujeru da matasan kai da zanen gado. A tsakar gidan Bahaushe kuwa turmi da tabarma da igiyar shanya da tsohon zanen uwa sun wadatar, in kaka ta yi a haɗa da karan dawa.

Karatun farko na hannu ne da ido. Yaro ya yafa zane tsakanin kujeru biyu, sai tsakiya ta lotsa. Ya ja gefe ɗaya, ɗayan ya zame. Ya samo littafi ko dutse ya danne bakin, amma in bargon mai nauyi ne sai ya jawo kujerar ta kife a ciki. Babu wanda ya zaunar da shi, duk da haka yana gano cewa rufi mai faɗi na son tokari a tsakiya, zane mara nauyi ya fi bargo mai kauri zama a sama, kuma sanduna uku da aka haɗe kawunansu sun fi biyu tsayuwa. Rushewar ma cikin karatun take, domin ita ke nuna masa inda gyara yake.

A 1971 wani Baturen Ingila, Simon Nicholson, ya rubuta cewa ƙirƙirar yaro na ƙaruwa gwargwadon yawan abubuwan da zai iya ɗagawa, ya juya, ya sake wa aiki. Motar roba ta kanti kullum mota ce. Zane kuwa yau rufi ne, gobe labulen ƙofa, jibi majanyin goya ’yar tsana.

Inda abin ya fi armashi shi ne idan yaran sun kai biyu ko uku. Sai an yi shawara kan inda ƙofa za ta kalla, da wanda zai riƙe da wanda zai ɗaura, da ko za a bar ƙane ya shiga. Gardama ba ta rasa tashi, kuma a nan ake koyon jira da rarrashi da sassauci. Masanin halayyar yara ɗan Rasha, Lev Vygotsky, ya bayyana a wata lacca ta 1933 cewa duk wasan kwaikwayo na yara yana ɗauke da dokoki a ɓoye. Yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya, in aka naɗa shi mai gadi sai ya kafe a bakin ƙofa. Wadda aka mai da baƙuwa kuma ba ta shiga sai ta yi sallama an amsa. Kame kai ke nan, wanda yaron ya ɗora wa kansa ba da tsawa ba.

Sai batun keɓewa. David Sobel, malamin ilimi ɗan Amurka, ya nazarci yara a yankin Devon na Ingila da tsibirin Carriacou, ya fitar da littafi a 1993. Ya lura cewa son mallakar maɓoya yana ƙarfi ne tsakanin shekara 8 zuwa 11, kuma yaro na girma maɓoyar na nisa da ɗakin iyaye, ta koma bayan gida ko gindin bishiya. A gidan da yara da yawa ke kwana ɗaki guda, wannan ɗan lungu kan zama wuri ɗaya tilo da yaro ke da ikon cewa wane ya shigo, wane ya tsaya.

Babba da ya karɓe ginin don ya fi iyawa ya kashe amfanin wasan. Nasa shi ne ba da kaya da sa ido. Ba a shiga da kyandir ko fitilar ƙwai ko maganin sauro na kunnawa, ba a ɗora abu mai nauyi a saman da zai iya faɗowa, igiya kuma a ɗaure ta sama da wuyan yara. Jariri ba ya shiga ƙarƙashin bargo, kuma a lokacin bazara a bar gefe ɗaya a buɗe saboda iska.