*"Sai Gobe" Ba Ya Ƙarewa: Maigida, Taka Ƙafarka Yau*

'Yan uwa magidanta na Kurgu, Bagudo, Illo, Lolo, Tsamiya da Ka'oje.

Maigida, sau nawa ka ce daga gobe za ka fara motsa jiki? Ka ce sai bayan azumi. Azumi ya wuce, ka ce sai zafi ya ragu. Ruwa ya sauka, ka ce sai an kawar da shinkafa. Yau ga shi shekara ta zagayo, tumbi ya ƙaru, gwiwa ta fara ƙara, kuma in ka yi 'yar tafiya sai haki. Malamai suna kiran wannan ɗabi'a *taswifi*, wato jan aiki zuwa gobe. Annabi (SAW) da kansa yana neman tsarin Allah daga kasala, don haka ba ƙaramin ciwo ba ne.

*"Ai ni manomi ne"*

Wannan ce hujjar da muka fi fakewa da ita. To, tsakaninka da Allah, wa ke yin noman? Iyayenmu da ƙafa suke zuwa fadamar Kwara, su wuni da fartanya, su dawo da ƙafa. Kai yanzu mashin ke kai ka, lebura ke dashe, maganin feshi ke kashe ciyawa, inji ke ban ruwa. Ka dawo ka zauna majalisa, shayi mai sukari kofi uku. Tuwon da kakanka ya ci shi kake ci, amma zufar da ya yi ba ka yi. Nan ne hawan jini da ciwon suga ke samun ƙofa, kuma hawan jini kan daɗe a jiki ba alama, sai ran da ya kayar da mutum. In shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da kai, wa zai riƙe gidan?

*Abin da ake buƙata kaɗan ne*

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idarta ta 2020, ta ce baligi na buƙatar aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici. Minti 30 ke nan a rana, kwana biyar. Tafiya da sauri ta isa, irin wadda za ka iya magana amma numfashinka ya ɗan ƙaru. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu shekara ta 751 Hijira, ya yi bayani a Zadul Ma'ad cewa motsi na taimaka wa jiki ya fitar da ragowar da abinci ya bari, kuma matsakaicinsa ne mai amfani.

*Ka ɗaura tafiyar a jikin sallah*

Jiran ranar da za ka ji sha'awa shi ne ke kashe niyya. Ka liƙa tafiyar da abin da ba ka fashi:

1. Daga yau, ajiye mashin in za ka masallaci. Muslim ya ruwaito cewa Banu Salima sun so su dawo kusa da masallacin Annabi (SAW), sai ya umarce su su zauna a unguwarsu domin ana rubuta musu ladan takunsu.
2. In an sallame Asuba ka gama azkar, kar ka koma shimfiɗa. Zagaya minti 10 kafin rana ta yi zafi. Kowane mako ƙara minti 5 har ka kai 30.
3. Ware rana guda ta tafiya mai ɗan nisa, zuwa gona ko gaida ɗan uwa. Annabi (SAW) yakan je masallacin Ƙuba kowace Asabar, wani lokaci a ƙasa, wani lokaci a kan abin hawa.
4. Nemi abokin sahu ɗaya ku yi alkawari. Kunyar wanda ke jiranka ƙofar gida ta fi ƙararrawar waya tashin mutum.
5. Kar ka manta uwargida. Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha (RA) har sau biyu. Ko zagayen tsakar gida ne bayan Isha, ku yi tare.

In ka fasa kwana ɗaya, kar ka ce shi ke nan. Washegari ka ci gaba. Addininmu ya koyar da cewa aiki kaɗan mai ɗorewa shi Allah Ya fi so.

*Hattara*

Mai ciwon zuciya, suga ko hawan jini ya fara tuntuɓar likita, kuma kar ya bar maganinsa don ya fara tafiya. In ka ji ciwon ƙirji, jiri ko numfashi na sarƙewa, tsaya nan take ka nufi asibiti. Lokacin bazara ka guji tsakar rana, ka yawaita shan ruwa. Ka kuma je a auna maka jini ko da kana jin garau.

Sallar da ke tafe yanzu, ka je ta da ƙafa. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya raba mu da kasala. Amin.

A tura wa wani maigida, Allah Ya ba da lada.