Rariyar da ke sanar da matuƙin jirgin yaƙi cewa an saita shi

A ranar 24 ga watan Yulin 1965, makami mai linzami samfurin SA-2, ƙirar Tarayyar Sobiyet, ya kakkaɓo jirgin yaƙin Amurka F-4 a Arewacin Biyetnam. Makamin ba shi da ido. Na'urar rada ce daga ƙasa take haska jirgin tana yi masa jagora. Bayan haka Amurka ta gaggauta sanya wa jiragenta na'urar da ke jin igiyar rada, ta gargaɗi matuƙi tun kafin a harbo.

Jin igiyar ba shi ne wahalar ba, tantancewa ce. Sararin fagen daga kamar kasuwa yake ranar cinta: radar filin jirgi, ta jiragen ƙawaye da ta abokan gaba duk suna magana lokaci guda, galibi tsakanin gigahaz 2 zuwa 18. Mai rediyo yana iya murɗa tasha ɗaya bayan ɗaya. Matuƙi ba shi da wannan sukunin, domin bugun rada ɗaya kan zo ya wuce cikin kusan kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa.

Nan ne amfanin jerin matatai. Ana yanka faɗin zangon gida-gida, kowane gida da rariyarsa da ke barin nata kason kaɗai ya wuce, kuma dukkansu suna saurare a tare. Gidan da ya motsa shi ke nuna zangon radar. Sai kwamfuta ta haɗa da tsawon bugun da yawan maimaituwarsa, ta duba kundin radojin da ta sani, ta ce wannan lalube take yi, waccan kuwa ta riga ta kama ka.

Akwai ciniki a ciki. Idan gidajen suka yi faɗi, rada mai ƙarfi takan danne mai rauni, wadda wataƙila ita ce mai kisa. Idan suka ƙuntata, yawansu ya ƙaru, nauyi da kuɗi su biyo baya, ga bugu mai ƙarfi yana fantsama cikin gidajen maƙwabta. Shi ya sa yau ake yin yawancin yankan da lissafi a kwamfuta.

Abin da ya faɗa wajen zangon kuwa ba a jin sa sam. Jiragen ƙarƙashin teku na Jamus sun dogara da na'urar Metox, mai jin radar Birtaniya ta mita ɗaya da rabi. A 1943 Birtaniya ta koma ta santimita 10, jiragenta suka riƙa isowa kansu Metox tana shiru.