Abincin Indiya: Baƙo Ne Ko Ɗan Gida?

A majalisarmu ta unguwar Nasarawo, cikin garin Gombe, an daɗe ana yi mini ba'a saboda na taɓa cewa a cikin abincin ƙasashen waje, na Larabawa ne ko na Turawa ko na mutanen Sin, babu wanda ya kwanta mini a rai kamar na Indiya. Waɗansu suka ce kallon finafinan Indiya ne ya yi mini yawa. To, gaskiya ne mutanen Arewa sun shaƙu da finafinan nan tun zamanin Mother India na 1957, amma ni dalilina daga tukunya ya fito, kuma ina so in bayyana shi ga masu karatu domin akwai darasi a cikinsa.

Farkon ɗanɗanawata a gidan wani maƙwabcinmu ne da ya yi jinyar ɗan'uwansa a can na 'yan watanni, ya dawo da hannun girkinsu. Da azumi ya gayyace mu buɗa baki, aka kawo wata gurasa mai faɗi da romon wake. Da na kai loma sai na ji ashe gurasar ta gero ce, geron nan da ake aunawa a kasuwar Tudun Hatsi. Romon kuwa babu ko tsokar nama a ciki, amma sai da muka suɗe kwano.

Sirrin, kamar yadda na lura daga baya, yana ga yadda suke sarrafa kayan yaji. Mu akan daka su ne a zuba a miya tana tafasa. Su kuwa sukan fara soya su cikin man shanu mai zafi, har ƙanshin ya fita ya shiga man, sa'an nan a juye a kan wake ko ganye. Kayan kuma duk sanannu ne a wurin 'yan koli na kasuwar Gombe: citta, tafarnuwa, kanumfari, girfa, hulba, kurkum da barkono.

Da na ƙara bincike sai na tarar zumuncin ya girmi finafinai nesa ba kusa ba. Masana tarihin noma sun gano cewa a yankinmu na Sahel aka fara noman gero, domin an tono ragowarsa a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali mai shekaru kimanin 4,500. Daga Afirka ya ƙetara teku zuwa Indiya tun kafin haihuwar Annabi Isa, haka ma dawa da wake. A yau Indiya ce ta fi kowace ƙasa noman gero a duniya. A jihar Rajastan gurasar gero ce abincin yau da kullum, a Maharashtara kuwa ta dawa. Tsamiya ma 'yar Afirka ce, ko da yake Larabawa sun raɗa mata suna dabinon Hindu saboda yadda ta karɓu a can.

Har wa yau, a kudancin Indiya suna jiƙa shinkafa su niƙa, su bar ƙullin ya kwana ya tashi, su soya a kasko mai gurabe kamar tandarmu. Duk wanda ya ci masar Gombe ko ta Bauci, in ya gani zai gane ta. Suna kaɗa kindirmo su sha kamar yadda muke yi, suna kuma dafa shayi da citta da kanumfari. Bambanci dai akwai shi, domin ba su san daddawa da kuka ba, kuma da yawansu ba sa cin nama, musamman na shanu.

Abin da ya kamata ya dame mu shi ne darajar da suka ba wannan hatsi. A 2018 gwamnatin Indiya ta keɓe shekarar ga gero da danginsa, sa'an nan ta kai shawara Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta ayyana 2023 a matsayin shekarar gero ta duniya. Cibiyar binciken amfanin gona ta ICRISAT, wadda aka kafa kusa da birnin Haidarabad a 1972, tana da reshe a Kano da kuma Sadore ta Nijar, duk a kan gero da dawa da gyaɗa. Alhali kuwa a nan gida, magidanci yakan ji nauyin ajiye wa baƙo burabusko ko dambu, sai shinkafa da taliya da burodi, waɗanda yawancin alkamarsu daga waje ake sayo ta. Tsadar abinci ta 2024 ta nuna mana illar wannan ɗabi'a, lokacin da buhun shinkafa ya gagari masu albashi.

Saboda haka ina kira ga masu gidajen abinci na Gombe da malaman koyar da girki a makarantunmu na 'yan mata da su gwada wannan hanya: gurasar gero ko ta dawa, da romon wake da aka soya wa kayan yaji. Kuɗinsa kaɗan ne, yana riƙe ciki, kuma abin da aka kashe yana komawa aljihun manomin Dukku da Nafaɗa. Abokaina na majalisa kuwa, na yi musu alkawarin kwano guda ranar Juma'a mai zuwa bayan an sauko daga masallaci, in sun ci sai mu ci gaba da gardamar.