Tsakanin 'Kake' Da 'Kike': Guntun Labari A Zamanin Wayar Salula

A zangon karatun da ya gabata na ba ɗalibaina na aji uku wani aiki da suka ɗauka wasa ne. Na ce kowa ya rubuto mini ƙagaggen labari cikakke a kan mutum da wayarsa, amma da sharaɗin kada ya wuce haruffa 160, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Nan take aji ya kaure da surutu. Wani daga baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai ko sallama da gaisuwa ba za su shiga nan ba." Na ce masa to ya bar gaisuwar a bakin ƙofa. Mako biyu na ba su. Abin da suka kawo mini shi ne musabbabin wannan rubutu, domin ya girgiza wani ra'ayi da na daɗe ina riƙe da shi, kuma na san da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi suna riƙe da irinsa, wato cewa wayar salula ba ta zo wa adabin Hausa da komai ba sai ɓarna.

Ba da ka na zaɓi lambar 160 ba. Ita ce iyakar saƙon tes guda ɗaya, kuma duk wanda ya riƙe waya a ƙasar nan bayan shigowar GSM a shekarar 2001 ya san zafinta. A lokacin ina ɗalibi, kuma layin waya kaɗai ya fi albashin wata na ƙaramin ma'aikaci tsada. Mukan zauna muna ƙirga haruffa kamar mai ƙirga kwabbai, a datse nan a guntule can, don kada saƙo ya tsallaka shafi na biyu a caje mu kuɗi biyu. Wanda ba shi da ko na tes ɗin sai ya yi filashin, wanda shi ma saƙo ne da babu kalma ko ɗaya a cikinsa: ina nan, na tuna da kai, ba ni da kati. Daga wannan iyaka ce Twitter ya samo tasa da ya fito a 2006, aka ware haruffa 20 don sunan mai rubutu, aka bar masa 140 ya faɗi abin da ke ransa. Sai a 2017 aka ninka su zuwa 280, kafin a sauya wa dandalin suna zuwa X a 2023.

Marubuta ba su ɓata lokaci ba wajen gane cewa ƙuncin wuri ma wata dama ce. Wanda ya fi jan hankalina a cikinsu shi ne Teju Cole, wanda aka haifa a Amurka amma ya tashi a Legas. Daga 2011 zuwa 2013 ya riƙa ɗauko ƙananan labarai daga jaridun Nijeriya, irin na sata da haɗari da rikicin ma'aurata waɗanda akan cusa a lungun shafi, yana matse kowanne cikin saƙo ɗaya, ya kira su Small Fates. Shi da kansa ya ce ya ɗauko salon ne daga Bafaranshen nan Félix Fénéon, wanda a 1906 ya rubuta irin waɗannan labarai masu layi uku-uku fiye da dubu a jaridar Le Matin ba tare da ya sa sunansa ba. Amma abin da Cole ya yi a watan Janairu na 2014 ya fi shafar maganarmu. Ya rubuta wani labari mai suna Hafiz a kan mutumin da ya yanke jiki ya faɗi a bakin titi jama'a suka taru a kansa, sai ya rarraba jimlolin ga mutane daban-daban, kowa ya wallafa tasa a shafinsa, shi kuma ya bi yana tattaro su bi da bi, fiye da talatin. Mai ba da labarin ɗaya ne, yana cewa "ni", amma kowace jimla da sabon suna da sabuwar fuska. Mai karatu ba ya rabuwa da tambayar wa ke magana, kuma wannan ita ce tambayar da ke cikin ran duk wanda ya taɓa samun saƙo daga lambar da bai sani ba.

To mu fa? Da farko dai gajarta ba baƙuwarmu ba ce. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki, ita ta koya mana auna ƙagaggen labari da yawan shafuka, adabin kasuwar Kano kuma ya zo ya ƙara da littafi na ɗaya da na biyu da na uku. Amma Bahaushe ya san yadda ake cusa duniya guda cikin numfashi ɗaya. A dubi karin maganar nan: abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo. Kalmomi goma ne, amma akwai taurari uku, akwai gida, akwai sana'a, akwai juyin da ba a zata ba, akwai kuma dariyar da ke ɓoye kuka. Abin da ban lura da shi ba sai da na zauna duba takardun ɗalibaina shi ne, nahawun Hausa kansa ya dace da labarin ɓoyon kai da bayyanar kai fiye da na Ingilishi.

Ga wanda wata ɗaliba ta kawo:

"Shekara guda ina sayar masa da hatsi ta waya da sunan Alhaji. Jiya da dare ya rubuto: Yaya kike?"

Wasali ɗaya ne ya ɗauki labarin nan gaba ɗaya. Bature zai iya shekara yana hira da mutum a intanet da wakilin suna ɗaya tak, wanda bai bambance namiji da mace ba. Bahaushe ba shi da wannan mafaka. Da zarar ka buɗe baki za ka yi magana da mutum ɗaya, dole ka zaɓa: kai ko ke, ka ko ki, naka ko naki. Mafitar da ta rage ita ce "ku" ta girmamawa, kuma na lura mutane da dama sun mayar da ita garkuwa idan ba su tabbatar da wanda ke ɗaya ɓangaren ba. Saboda haka ranar da "kake" ta koma "kike", asiri ya tonu. Labarin bai gaya mana dalilin da ya sa ta fake da sunan namiji ba, mun sani ai, mun san yadda kasuwar hatsi take da wanda ake saurara a cikinta. Bai kuma gaya mana ko mutumin barazana yake yi ko neman aure ba. Na tambayi aji, suka rabu gida biyu, mazan suka ce so ne, matan kusan duka suka ce tsoro ne ya kama su.

Na biyu ya fi taɓa ni, watakila don ni ma ɗan fari ne:

"Da Inna ta rasu na duba wayarta. Kowa da sunansa: Habu, Ladi, Sani. Tawa lambar ce a sama, babu suna."

Babu kalmar alkunya a ciki, babu kalmar ɗan fari, babu kalmar so. Idan za a fassara shi zuwa wani harshe sai an haɗa da shafi guda na bayani, cewa uwa a ƙasar Hausa ba ta kama sunan ɗanta na fari, kuma wannan kawar da kai shi ne alamar matsayinsa a zuciyarta. Mu kuwa ba mu buƙatar bayani. Abin da ya burge ni shi ne yadda yaron ya gano cewa al'adar ta bi mu har cikin na'urar da aka ƙera a Sin ko Koriya. Duk mai shakka ya duba wayar matan gidansu ya ga da wane suna aka adana lambar maigida. Da wuya ya tarar da sunan yanka, sai dai Abban wane, ko Yaya, ko Malam, ko wani laƙabi da su biyu kaɗai suka san asalinsa. Jerin sunayen da ke cikin wayar Bahaushe taswirar dangantaka ce, ta nuna wa ake jin nauyi, wa ake wasa da shi, wa aka yi fushi da shi aka mayar da shi "kar a ɗaga".

Amma kada mai karatu ya ɗauka na zo yabon waya ne kawai. Akwai asarar da ta jawo mana wadda har yau ba mu farfaɗo daga gare ta ba, kuma asalinta na fasaha ne. Jerin haruffan da aka tsara wa saƙon tes ba shi da ɓ da ɗ da ƙ. Idan ka saka ko da guda ɗaya daga cikinsu, sai saƙon gaba ɗaya ya koma wani tsari mai cin wuri, iyakarsa ta faɗo daga haruffa 160 zuwa 70. Wato wanda ya nace sai ya rubuta Hausa daidai zai biya kuɗin saƙo biyu ko uku a kan abin da maƙwabcinsa ya aika da kuɗin ɗaya, in ma wayarsa tana da haruffan ke nan, in kuma ba su isa can a matsayin ƙananan akwatuna ba. Haka ƙarni guda na matasa ya tashi yana rubuta "baki" yana nufin baki da baƙi duka, "kasa" tana tsaya wa kasa da ƙasa, "bari" tana tsaya wa bari da ɓari. Dama can rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, shi ya sa "fari" ɗaya ke ɗauke da launi da rashin ruwan sama da ƙwarin da ke cinye amfanin gona. Da aka cire lanƙwasa kuma, sai nauyin ya ƙaru a kan mai karatu. Yau wayoyin zamani suna da allon rubutu na Hausa, saƙonnin WhatsApp ba a ƙirga musu haruffa, uzurin ya kau, amma ɗabi'ar ta zauna. Har a takardun jarrabawa nake ganinta.

Haka batun rabawa da haɗa kalmomi. Na sha gaya wa ɗalibai cewa jaridar da aka kafa a 1939 sunanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, duk wanda ya rubuta "Tafi" to ya kori gaskiya ne. Sai ga wani yaro, wanda ba ya cikin masu ƙoƙari a aji, ya ɗauki wannan kuskure ya gina labari da shi:

"Ta tambaye shi: ni ko ita? Ya rubuto: tafi. Har yau ba ta san ko amsa ya ba ta ko sallama ba."

Na ba shi maki mafi yawa da na taɓa ba shi. Sai dai a lura, wanda bai san bambancin "ta fi" da "tafi" ba ba zai iya rubuta wannan ba, ba zai ma gane shi ba idan ya karanta. A littafi mai shafi ɗari biyu marubuci zai iya yin sakaci da ƙa'idojin rubutu mai karatu ya laluba ya gane daga abin da ke kewaye. A labari mai layi biyu babu abin da ke kewaye. Tazara ɗaya, lanƙwasa ɗaya, ita ce ginin. Ban taɓa samun hanyar koyar da ƙa'idojin rubutu da ta shiga kunnen ɗalibai kamar wannan ba, bayan shekaru ina fama da jan biro.

Fiye da rabin takardun dai ba labarai ba ne. Wasu barkwanci ne irin na majalisar mai shayi, wasu kuma wa'azi ne da aka sanya wa taurari, ana gama jimla ta biyu sai "Allah Ya shiryi matasanmu". Wannan ba laifin yaran ba ne kaɗai, irin abin da ke yawo a wayoyinmu ke nan, mai ƙarewa da umarnin a tura wa mutum goma. Muna jin tsoron barin mai karatu shi kaɗai da labari, kamar za a tuhume mu da goyon bayan abin da muka nuna. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta yi ƙoƙari wajen farfaɗo da gajeren labari a hannun mata, kuma marubutan intanet suna ta zuba dogayen labarai kashi-kashi a WhatsApp da Wattpad, da yawansu da sunayen aro. Guntun labari ne har yanzu bai samu gida ba. Ban ga abin da zai hana jaridunmu na Hausa su ware masa ɗan gurbi a kusurwar shafi ba, wanda bai kai girman tallar ta'aziyya ba, da sharaɗin edita ya mayar da duk wanda ya zo babu lanƙwasa.

Takarda ta ƙarshe da na duba ta wata ɗaliba ce 'yar Zamfara, mai yawan shiru. Mai karatu zai tuna cewa a watan Satumba na 2021 hukumomi sun rufe layukan sadarwa a jihar, daga bisani da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, da nufin toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu ba su labari. Mutane suka riƙa yin tattaki zuwa wasu garuruwa ko hawa tudu don su ji lafiyar 'yan uwansu. Ga abin da ta rubuta:

"Tun da aka rufe layi, kullum sai Baba ya yi tafiyar awa biyu zuwa kan dutse don ya ji muryata. Yau da la'asar kira ya shigo da lambarsa. Muryar ba tasa ba ce."

Na ƙirga, haruffa 158. Da na karanta shi a aji ban faɗi sunanta ba, kuma babu wanda ya yi dariya ko ya nemi a raba gardama kamar yadda aka yi a kan sauran. Bayan an tashi na tsayar da ita a bakin ƙofa. Na so in tambaye ta ko ƙage ne ko abin da ya faru ne, amma na ji nauyi, sai na ce mata, "To daga nan me ya faru?" Ta gyara mayafinta ta ce, "Malam, ai haruffan sun ƙare."