Fitilar Gargaɗi a Motar Lantarki

A shekarar 2021 aka buɗe tashar cajin motocin lantarki mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Sakkwato, bayan an fara harhaɗa Hyundai Kona a Legas. Wanda ya kai irin wannan mota Mabai, can wajen Ƙanƙara, ya yi nisa da masu gyaranta, don haka wajibi ne ya san abin da ke sa fitilar gargaɗi ta riƙa kamawa tana mutuwa.

Galibi akan zargi babban batir. Alhali kuwa sau da yawa laifin na ƙaramin ne, watau mai volt 12, wanda yake tayar da kwamfutar motar. Zafin bazara yakan raunana shi. Da ƙarfinsa ya ragu, sai kwamfuta ta rikice, ta kunna fitila. Makaniki yakan jona na'urar bincike a ƙarƙashin sitiyari ya karanta lambar laifin. To, goge lambar ba gyara ba ne, domin bayan kwana biyu fitila ta dawo. Sai an auna batirin, an kankare tsatsar bakinsa, in ya mutu a sauya. Amma wayoyin nan masu ruwan lemo suna ɗauke da fiye da volt 300; wanda bai koyi aikin ba kada ya kuskura ya taɓa su, suna kisa.