Waswasi Cuta Ne, Yana Kuwa Da Magani

 

Wani ɗan kasuwa ya same mu bayan sallar lisha, ya dakata har masallaci ya watse kana ya yi magana. Ya ce buta uku ba ta isarsa alwala guda. Yakan maimaita kabbarar harama har liman ya yi ruku'u shi bai ƙulla niyya ba. In ya rufe rumfa ya kama hanyar gida, sai ya komo ya jijjiga kwaɗo, ya sake komowa. Abin da ya fi ƙona masa rai kuwa shi ne miyagun tunani game da Ubangiji da ke faɗo masa cikin salla, har yana zaton ya yi ridda. Shekara shida ke nan yana ɓoyo, ko mai ɗakinsa ba ta san ƙarshen abin ba.

Muka fara kwantar masa da hankali da abin da ya zo cikin Sahihu Muslim, cewa waɗansu sahabbai sun kai kukan irin wannan tunani ga Manzon Allah, ya kuwa shaida musu ƙin da suke yi masa alamar tsantsar imani ce. Sa'an nan muka tuna masa karatun da ya yi a zaure. Malamanmu na Malikiyya suna kiran wanda shakka ke zo masa kowace rana mustankahi. Hukuncinsa cikin Risala da Ahalari shi ne ya yi watsi da shakkar, kada ya sake abin da ya yi kokwantonsa, ya yi sujadar ba'adi kurum.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun san wannan cuta sarai, tana kuma kama kamar mutum 2 cikin 100. Ba baƙuwa ba ce gare mu: Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya yi mata babi cikin littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus. Abin da ya ba mu sha'awa shi ne hanyar likitocin yau ta yi daidai da fatawar malamai. Watau ana horar da majinyaci ya fuskanci abin da ke tayar masa da shakka, ya daure bai maimaita ba, har fargabar ta kwanta da kanta. Domin kowace maimaitawa ƙara wa wutar itace take yi. Akwai kuma ƙwayoyi irin su fluoxetine, waɗanda sukan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin amfaninsu ya bayyana sosai, ba a kuwa shansu ko barinsu sai da umurnin likita.

Da muka ambaci asibiti sai Alhajin ya sunkuyar da kai, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ina da 'ya'ya mata. In aka gan ni a Dawanau, wa zai aure su?"

Nan ne laifinmu yake, mu jama'a. Mun mai da sunan asibiti abin zagi, mai ciwon sukari ya sha addu'a, mai waswasi ya sha dariya. Haka ma'aikaci ke ɓoye nasa don kada a ofis a ce ya taɓu, a danne masa ƙarin girma. Alhali mai waswasi hankalinsa garau yake. Shi da kansa ya san abin da yake yi ya wuce kima, dainawar ce ta gagare shi. Mu malamai ma sai mu yi hattara: wanda ya dawo sau goma da tambaya ɗaya kan tsarki, sabuwar fatawa ba za ta kashe masa ƙishi ba. Addu'a da zikiri suna nan daram, amma a haɗa masa da likita.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, asibitocin koyarwa kuma suna da sashensu. Alhajin dai ya yarda zai je ran Litinin, da sharaɗin mu raka shi, kuma mu fita tun da duku-duku.