Roba Mai Rassa da Bututun da Ake Haɗa Ta

Jarkar mai da ledar da mai kanti ke ƙulla sukari duk daga iskar gas ɗaya aka yi su, wato etilin. Amma jarka tauri gare ta, leda kuwa laushi. Roba dogayen sarƙoƙi ce da masana ke kira polima. Na jarka miƙaƙƙu ne, sukan kwanta su matse da juna. Na leda rassa gare su, rassan ne ke hana su matsewa.

A kamfanin ICI na Ingila aka fara samun mai rassan a 1933, ba ma da gangan ba. Yau masana'antu da dama a bututu suke yin ta, mai tsawon da kan wuce kilomita guda, ƙarƙashin matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa sau 2,000 ko fiye.

Me ya sa bututu? Ƙulla sarƙoƙin nan zafi yake fitarwa, kuma duk wadda ta taɓa tuƙa tuwon biki ta san ƙasan tukunya kan kama alhali sama bai nuna ba. Haka babban tanki yake. A siririn bututu kuwa, sinadarai na shiga ta nan suna fita ta can ba tsayawa, zafi na ficewa ta bango, kowane ɗigo kuma kusan lokaci ɗaya yake yi a ciki. A ɗakin bincike faɗin bututun kan yi milimita ɗaya kacal, har hasken fitila ya ratsa shi ya tada haɗin.

Masu yin fenti ma suna murna da rassan nan. Polima mai rassa da yawa, irin waɗanda Donald Tomalia ya bayyana a Amurka a 1985, dunƙulewa take yi, ba ta sarƙewa da 'yan uwanta. Ruwanta ba ya kauri, don haka fenti ba ya buƙatar tina mai yawa, kuma yakan shimfiɗu siriri. Kwalin madara ma da ledar nan mai rassa aka shafe cikinsa, shi ya sa ba ya jiƙewa.

Sai dai kada a zuzuta bututu fiye da kima. Idan rassa suka yi yawa har suka kama juna, haɗin kan daskare ya toshe hanya. Tanki a kankare shi, amma bututu mai faɗin milimita ɗaya in ya toshe, galibi yar da shi ake yi a sa sabo.